Yara 46 a ajina, 13 ne kawai suka karanta labarin aji biyu: in ajiye sikim ko in ci gaba?

Malamar Aji Huɗu, Agege

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga malamai da iyaye, amma ku yi haƙuri sai na ɗan yi shimfiɗa.

Shekarata tara ina koyarwa, huɗu a Funtuwa, biyar a nan Legas tun da aure ya kawo ni. Makarantarmu ƙarama ce, ta kuɗi, ba nisa da Zango. Ba zan kama sunanta ba. Kusan duk 'ya'yan mutanenmu ne: na mahautan Oko-Oba, na masu shayi, na masu gadi, na masu sauke kayan gwari a Mile 12. Bana aka ba ni aji huɗu.

Akwai wata yarinya a bencin gaba, rubutunta kamar na inji. Ita ta zo ta uku a zangon da ya wuce. Ranar Talatar makon jiya na rubuta jimloli biyar na Turanci a allo, na karanta, suka maimaita sau uku kamar yadda muka saba, har gini yana amsawa. Na tashe ta, ta karanto tas ba gargada. Ban san abin da ya ja ni ba, sai na ɗora rula a kan kalma ta huɗu a layi na uku na ce, "Wannan fa?" Ta yi shiru. Ina kallon leɓenta yana motsi, yatsanta yana ƙirga a kan benci. Ashe komawa ta yi farkon layin tana biyowa a zuci har ta iso inda rular take. Ta faɗi kalmar daidai. Na share allon, na rubuta kalmar ita kaɗai can ƙasa. Ta dubi kalmar, ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Washegari na ɗauko littafin Turanci na aji biyu, na riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya lokacin tara, na yi kwana uku ina yi. Wanda ya kasa labari sai in ba shi jimla, wanda ya kasa jimla in ba shi kalma, wanda ya kasa kalma in nuna masa haruffa. Yara 13 suka karanta labarin. Tara suna jan jimla da ƙyar. 15 sai kalma ɗaiɗai. Tara kuwa ko haruffan ba su gama sani ba, cikinsu har da wani dogon yaro ɗan shekara 12, ɗan mahauci, wanda in ka ce masa an sayi nama na 3,700 an ba da 5,000 zai gaya maka canji kafin ka rufe baki.

Ni ce fa na ba su makin da ke cikin katinsu. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Jarrabawarmu abin da aka kwafa daga allo take tambaya, su kuma sun iya kwafa.

Ga kuma maganar harshe. A gida Hausa, a layi Yarabanci da buroka, da yamma Larabci a Islamiyya, a aji Turanci, sannan ga darasin Yarabanci da dokar jihar nan ta 2018 ta wajabta a makarantu. Ɗan shekara tara yana yawo tsakanin harsuna biyar, babu ɗaya da ya iya karantawa.

Sikim, wato jadawalin darussan da aka tsara mana na zango, ya ce makon nan rubuta wasiƙa zan koyar. Duk Litinin mai makaranta yana duba littafin shirin darasina ya sa hannu. To wasiƙa zan koya wa wanda bai bambance b da d ba? In na koma baya, su 13 ɗin nan fa? Kuma da wane harshe zan fara? Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko ya san abin da masu bincike suka gano, ya taimaka mini da abin da zan iya yi da alli da kwali, don abin da nake da shi ke nan.

Tsohon Hedimasta, Idi-Araba

Wa alaikumus salam. 'Yata, sannu da ƙoƙari. Na yi shekara 33 a aikin nan, kuma zan iya ƙirga malaman da na ga sun zauna sun saurari karatun yaransu ɗaya ɗaya ba tare da an sa su ba.

Kan harshe, ba sabuwar gardama ba ce, kuma ɗan garin nan ne ya fi kowa wahala a kanta. Farfesa Babs Fafunwa, haifaffen Isale Eko, wanda ya riƙe ministan ilimi daga 1990 zuwa 1992. A 1970, yana Jami'ar Ife, ya fara wani gwaji a wata firamare a Modakeke: aka koyar da wasu yara komai da Yarabanci har shekara shida, lissafi da kimiyya da sauransu, Turanci kuma aka ba shi darasinsa daban. Sauran yaran aka bi da su hanyar da aka saba, a fara da Yarabanci a juya Turanci a tsakiyar firamare. Da aka auna, 'yan Yarabancin ba su gaza a Turanci ba, a wasu darussan ma sun wuce takwarorinsu. Amma in gaya miki gaskiya, ajin gwajin na farko ƙwararren malamin Turanci aka ware musu, aka kuma rubuta musu sababbin littattafai. Masu yawan ambaton gwajin nan sukan manta da wannan. Harshen uwa ya yi aiki, amma ba shi kaɗai ya yi ba.

Gwamnati kuwa ta sha juyi. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin a shekarun farko. A 2022 aka ce a kai shi shekara shida. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, a koma Turanci. Duk tsawon lokacin nan, ɗan Bahaushe a Agege bai taɓa shiga lissafin ba, don harshen yankin a nan Yarabanci ne.

Shawarata, kada ki yi faɗa da sikim, ba za ki ci ba. Ki nemi awa ɗaya da safe daga hannun mai makaranta. Kada ki je masa da bayani, ki je masa da yaro. Ki sa ya ɗora rular da hannunsa. Gani ya kori ji.

Uwar 'Yan Biyu, Ketu

Malama, Baba, ku gafarce ni, ni ba malama ba ce, albasa da busasshen barkono nake sayarwa. Amma ni ce mai biyan kuɗin, don haka bari in faɗi tawa.

In na ji an ce ana koya wa 'ya'yana Hausa a makaranta, wallahi raina zai ɓaci. Hausa a nono suka sha. Abin da ya sa nake hana cikina in biya kuɗin zango da na lesin da na littattafai shi ne kada su tashi kamar ni. Ni in takardar asibiti ta zo sai na nemi wanda zai karanta mini. Mai gidan haya ya kawo takarda in sa hannu ban san abin da ke ciki ba. A Ikko muke, ba a Katsina ba. Jarrabawar shiga sakandare da Turanci za a yi, WAEC da Turanci za a yi.

Amma labarin yarinyar nan ya tsorata ni. Jiya da daddare na ɗauko kwalin maganin sauro na miƙa wa Hassan ɗina, ɗan aji uku, na ce ya karanta mini. Sunan maganin kawai ya faɗa, shi ma don ya san kwalin ne. Shekara biyu ina biyan lesin a wata makaranta, kullum katinsa jan biro ne da yabo. Ban san wa zan kama ba. Ni dai Malama, ko da wane yare za ki bi, in yaron zai karanta mini takardar asibiti a ƙarshe, ki bi. Amma ki gaya wa iyaye tukuna, kada su ji a bakin yara.

Gardi, Alaba Rago

Allah ya saka wa Baba Hedimasta. Malama, ni bokona bai wuce firamare ba, amma shekara 16 ina karantar da yara allo, kuma abin da kika bayyana ya ba ni mamaki ta wata fuskar. A wurinmu ba a taɓa tara yara 46 a ce duk shafi ɗaya za su karanta don shekarunsu ɗaya. Kowa da allonsa. Wannan yana babbaƙu, yana alu ambaƙi wau zal. Na kusa da shi ya shiga farfaru. Wancan yana hajjatu, wani ya yi nisa a izu. Tabarma ɗaya suke zaune. Yaro ba ya wanke allo sai ya zo gabana ya biya, ni da shi, na ji da kunnena. In bai iya ba ya koma, ko da kuwa ƙaninsa ya wuce shi. Ku kuwa shekara ce ke wanke muku allo.

Ba na cewa ba mu da namu aibin. Karatun aku muna da shi, yaro ya rera sura in ka nuna masa tsakiya ya ɓace, kamar yarinyarki sak. Maganinsa a wurina shi ne in sa tsinke a kan kalma in ce ya tsinto mini baƙaƙenta ɗaya ɗaya, in kuma fara masa daga ƙasan allo.

Abu biyu zan ba ki. Na farko tishe. Ranar Laraba ba na yi wa kowa ƙari, sai a kife allo a maimaito na baya da ka. Abin da yaro ya jawo daga kansa ya fi zama a kan abin da ya sake kallo. Na biyu, ba ni kaɗai ke karantarwa ba. Manyan almajirai ke biya wa ƙanana, ni ina zagayawa. Su 13 ɗin da kike tausayi, su ne gardawanki. Sai dai ki sa ido, wani in ka ba shi girma bulala yake fara nema.

Malamar Aji Huɗu, Agege

Allah ya gafarta Malam, "shekara ce ke wanke muku allo" ta zauna mini. Na gode. Hajiya, na ji gargaɗinki, kuma kin fi ni gaskiya kan sanar da iyaye.

Ɗalibin Akoka

Anti Malama, ina karatun digiri na biyu a fannin ilimi, kuma abin da kika yi lokacin tara shi ne ainihin matakin farko na wata hanya da aka sha gwadawa kan wannan matsala. Wata ƙungiya ce a Indiya, Pratham, ta ɓullo da ita. Ana ce mata TaRL a taƙaice, wato koyar da yaro daga inda ya tsaya. A gwada yaro baki da baki, a ga ko yana matakin harafi, kalma, sakin layi ko labari, a raba su rukuni bisa haka na ɗan lokaci kullum, a riƙa sake gwadawa ana ɗaga wanda ya wuce. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Michael Kremer, sun yi shekaru suna auna ta. An kawo ta Najeriya ma, an fara a Borno.

Abin da ya fi amfani gare ki a binciken shi ne inda ta gaza. A jihohin Bihar da Uttarakhand an horar da malamai an ba su kayan aiki, amma aka bar su da manhajarsu yadda take. Malaman suka koma bin manhaja, ba a ga wani canji ba. A Haryana da aka ware awa guda ta musamman, aka kuma sa jami'ai suna zagayawa suna taimaka wa malaman, karatun yaran ya ɗaga. Don haka awar da Baba ya ce ki roƙa, ita ce maganar gaba ɗaya.

Akwai kuma wanda Kremer da abokan aikinsa suka yi a yammacin Kenya. An raba wa makarantun karkara littattafai, kowa yana zaton maki zai tashi. Bai tashi ba sai ga yaran da dama can su ne gaba, domin littattafan da Turanci suke, Turanci kuma harshe na uku ne ga yawancinsu. Ajinki ke nan. Ko an kawo miki littafi katan goma, su 13 ɗin ne kawai za su amfana. Kada kuma ki ɗauka ke kaɗai ce: a 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta.

Tishen Malam ma an auna shi. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne gaba. Bayan mako guda masu jawowa daga ka suka wuce su.

Kan harshe, ga dalilin da zai iya kwantar wa Hajiya da hankali. Rubutun Hausa ba ya yaudara: ba, be, bi, bo, bu, abin da ka gani shi za ka furta, kuma yaro ya san ma'anar abin da ya haɗa. In ya haɗa "ta" da "sa" ya ji tasa, zai san ya yi daidai ba sai an gaya masa ba. A Turanci yana kokawa biyu lokaci guda, da haɗa sauti da kuma ma'ana. Haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, in ya kama a Hausa zai tafi da shi Turanci. A kan wannan aka gina shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa, RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato. Na ce dai gada ce, ba wurin zama ba.

Ƙaramin abu na ƙarshe, kyauta ne: wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga malamai ba sa jiran amsa fiye da kusan daƙiƙa ɗaya. In an kai uku, yaran da ba sa magana suna fara magana. Ki gwada ƙirgawa a zuci, za ki ji tsawonsa.

Malamar Aji Huɗu, Agege

Na dawo bayan mako shida, don bai kamata in karɓi shawara in ɓace ba.

Baba, na bi maganarka. Na kai wa mai makaranta yaron nan ɗan mahauci da littafin aji biyu. Ya ɗora rula, ya sake ɗorawa, sannan ya sallami yaron ya yi shiru. Awa ɗaya na roƙa, minti 40 ya ba ni, daga ƙarfe takwas, da sharaɗin littafin shirin darasi ya ci gaba da nuna sikim. Wato dai ina rubuta wasiƙa a takarda ina koyar da ba, bi, bu a aji. Ban ji daɗin wannan ba, amma na karɓa.

Iyaye na bi su ta waya, wasu na tare su a bakin ƙofa. Na ce rukuni biyu na ƙasa za su yi wata guda suna haɗa baƙi da Hausa, sannan mu tsallaka. Uba ɗaya ya ce bai kawo ɗansa Legas don a mayar masa da shi ƙauye ba, ya cire shi. Mun koma 45. Mai makaranta bai manta da kuɗin zangon nan ba, yana tuna mini lokaci lokaci.

Katan ɗin taliya na roƙo wurin mai shagon layinmu, na yayyanka, na rubuta gaɓoɓi da alƙalamin maka. Don kada kowa ya ji kunya na sa wa rukunonin sunan kayan miya: Albasa, Tumatir, Tattasai, Attaruhu. Kwana biyu kacal suka gane. Na ji wata tana ce wa ƙawarta, "Ai 'yan Albasa su ne dolaye." Sai da na tsayar da komai ranar. Dogon yaron nan kuwa ya ƙi zama da ƙanana, ya yi kwana uku bai zo ba. Da ya dawo na ɗora shi a kan rabon kwalaye da ƙirga su, na kuma sa shi ya riƙa duba lissafin 'yan Attaruhu, tunda a nan ya fi su duka. Da haka ya zauna. Ranar Alhamis ta mako na uku ya jera kwali biyu, "wu" da "ƙa", ya furta a hankali, ya sake, sai ya ɗago kai ya ce da ƙarfi, "Anti, wuƙa ce!" Ya tattara kwalayen yana neman "na" da "ma". Da aka tashi ya roƙe ni in ba shi aron huɗun nan ya kai wa babansa.

Gardawan nawa, Malam, kamar ka sani. Biyu na sauke saboda rankwashi. Sauran suna yi, kuma karatunsu su ma ya ƙara kyau. Tishe muna yi ranar Juma'a, a kife littafi.

Na sake gwada su ranar Litinin, da labarin Turanci daban amma na aji biyu. Masu labari sun zama 17. Cikin tara na matakin harafi, shida suna haɗa kalmomin Hausa yanzu, uku har yau suna nan inda suke, kuma ɗaya daga cikinsu na fara zargin ba ta gani sosai, don kullum sai ta kai kwalin bakin hancinta. Na gaya wa uwarta ta kai ta a duba. Yarinyar bencin gaba tana Tattasai, ta daina ƙirga da yatsa, amma ta ji haushina na mako biyu cur don na raba ta da ƙawayenta.

Ɗalibin Akoka, ƙanena, gadar taka tana da rami. Da muka tsallaka Turanci, c ta kama mu. Sun saba da ta "ciki" da "cokali", sai ga "cat" ga "city". Yaron nan ya karanta "cat" da c ɗin Hausa, da na gyara masa ya ce Turawa ba su da gaskiya. Wasulan ma haka. Yanzu na ware jan kwali ga duk harafin da ke sauya murya, ban sani ba ko akwai dabarar da ta fi wannan.

Matsalar da ke gabana ita ce abin karantawa. Waɗanda suka fara haɗawa ba su da abin da za su karanta sai abin da na rubuta da hannu da daddare, in an kawo wuta. Na zagaya Agege ban sami littafin yara na Hausa ko ɗaya ba. In akwai mai tahowa daga Kano ko Zariya a motar kaya cikin watan nan, ina neman ƙananan littattafan labari masu manyan haruffa, ko tsofaffi ne, ko guda goma. Zan biya, kuma maigidana zai iya karɓa a Mile 12 da asuba.